Sharhi kan labarin "Jihohi na hana aikin makamashi a Amurka"

Malam marubuci, ka ce jihohin Amurka suna kawo wa ayyukan makamashi cikas don neman suna kawai. Ni kam ban yarda ba. Ikon nan doka ce ta ba su: sashe na 401 na Dokar Tsaftar Ruwa ta 1972. Kafin FERC, hukumar tarayya mai kula da makamashi, ta ba da lasisin gina dam ɗin samar da lantarki ko shimfiɗa bututun gas, sai jihar da ruwan yake ta shaida cewa aikin ba zai ɓata ruwanta ba. Shekara ɗaya take da ita, in ta yi shiru har wa'adin ya wuce, ta rasa damar.

Lasisin dam kuwa shekara 30 zuwa 50 yake yi. To in jiha ba ta sa baki a ranar farko ba, yaushe za ta sa?

A 1994 Kotun Ƙolin Amurka ta goyi bayan jihar Washington da ta ce sai an bar wani adadin ruwa yana gudu a kogi saboda kifi. Wannan ya tuna mini da mutanen Hadejia da Nguru, da fadamarsu ta ja baya bayan an gina Tiga da Challawa. Wa ya tambaye su?

Na yarda akwai jan ƙafa. Jihar New York ta ƙi amincewa da wani bututun gas mai suna Constitution a 2016, kamfanin ya yi ta shari'a har ya haƙura a 2020. Amma ai ƙoramu da dama bututun zai ratsa, ba ɗaya ba.