Angels Flight: kamfani ya zuba kuɗi, amma a bar masa sunansa

Na karanta labarin nan na yadda wani kamfani ya karɓi ragamar Angels Flight, ƙaramin jirgin ƙasan nan da ake ja da igiyar ƙarfe yana hawa tudun Bunker Hill a Los Anjeles. Ni dai ban ga laifin hakan ba. Tun 1901 taragun nan biyu, Sinai da Olivet, suke kai da kawo, ɗaya na hawa ɗaya na sauka, tafiyar da ba ta kai mita ɗari ba. Hukuma ce da kanta ta kwance shi a 1969 da alkawarin mayar da shi ba da jimawa ba, sai 1996 ya dawo!

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne binciken da aka yi bayan ɗaya daga cikin taragun ya kauce daga layi a 2013: ashe da ɗan reshen itace ake danne maɓallin tashi. Jirgin da ya taɓa kashe mutum a 2001 ke nan fa. To in kuɗin kamfani ne zai gyara birki, bismillah. Sharuɗɗana biyu, kada a lulluɓe jikin taragun da tallace-tallace, kuma kuɗin shiga ya tsaya daidai aljihun mai fitowa daga kasuwar Grand Central da ledar cefanensa.