Masu lissafin haidirojin sun cancanci a daina raina su

Idan ana maganar binciken sararin samaniya, manyan na'urorin hangen nesa ne ke shan yabo, masu zaman lissafi kuwa ko sunansu ba a ji. A ganina ba a yi musu adalci ba, kuma batun ƙwayar zarrar haidirojin a cikin maganaɗisu mai ƙarfi ya isa hujja.

Babu zarra mai sauƙi kamar haidirojin: furoton ɗaya, ilektiron ɗaya. Tun 1926 masanin kimiyya Schrödinger ya fitar da matakan makamashinta, wato matakan da ilektiron ɗin zai iya zama a kai, daidai wa daida. Amma da an sa ta cikin maganaɗisu mai ƙarfi, sai lissafi ya cije. Furoton yana jan ilektiron iri ɗaya ta kowace fuska, maganaɗisu kuma yana tilasta masa kewaya layi guda. Idan ɗaya ya rinjayi ɗaya nesa ba kusa ba, ana ɗaukar mai raunin a matsayin ɗan gyara. Inda suka yi kunnen doki, wajen tesla 235,000 (tesla ma'aunin ƙarfin maganaɗisu ne), wannan dabarar ba ta ci, sai kwamfuta ta bi matakan ɗaya bayan ɗaya. Can gaba ma zarrar takan tsuke ta miƙe kamar allura.

Wani zai ce aikin banza ne, tunda maganaɗisu mai ɗorewa mafi ƙarfi a ɗakin gwaji bai wuce wajen tesla 45 ba. Gaskiya ne, a doron ƙasa, amma ba haka abin yake a wasu taurari ba. A 1938 masanin taurari Minkowski ya ga wasu layuka a hasken tauraron Grw+70°8247 da ba su dace da wani sinadari ba, alhali kowane sinadari na da nasa layukan a haske gwargwadon matakan makamashinsa. A 1970 wani masanin, Kemp, ya gano tauraron yana da maganaɗisu, amma layukan suka ƙi karantuwa har tsakiyar shekarun 1980, lokacin da tawagar Ruder a Tübingen ta Jamus, da Henry da O'Connell a Amurka, suka fitar da jadawalin lissafinsu na haidirojin a cikin maganaɗisu mai ƙarfi. Ashe haidirojin ce, cikin maganaɗisu na kimanin tesla 30,000.

Abin burgewa shi ne yadda aka kama ta. Ƙarfin maganaɗisu ba ɗaya ba ne a ko'ina a jikin tauraro, don haka yawancin layukan sukan baje su ɓace. Kaɗan ne ke tsayawa cak ko ƙarfin ya ɗan canja, kuma lissafi ne kaɗai ke nuna inda za su tsaya.

Raunin aikin a fili yake: ba a iya gwada shi kai tsaye, dole tawagogi daban su bi hanyoyi daban su dace. Da aka koma kan hiliyom mai ilektiron biyu kacal, sai 1998 aka iya karanta hasken tauraron GD 229.