Gishiri, Gawayi da Wayar Dish

Wayar da ke sauko da hoto daga dish zuwa dikoda ba irin sauran wayoyi ba ce. A tsakiyarta akwai silin tagulla guda ɗaya, farar roba ta lulluɓe shi, saƙar siraran wayoyi ta zagaye robar, sannan baƙar riga ta rufe duka. Ta gidanmu da ke Mabera ta ƙara da wani hali nata, domin duk wanda ya taɓa ƙarfen bakinta ba takalmi a ƙafa sai ta ja shi. Ranar da ta ja uwargida tana goge kabad, aka ba ni wa'adi.

Wani mai kayan lantarki a babbar kasuwa ya bayyana mini cewa saƙar nan tana buƙatar hanyar da za ta zubar da ɓatacciyar wuta cikin ƙasa, balle ga damina na tafe da tsawa. Ya sayar mini da sandar tagulla, da waya mai kauri, da ɗan ƙarfen da kebul ke ratsawa kafin ya shiga ɗaki. Ya ƙara da cewa busasshiyar ƙasa irin ta Sakkwato ba ta karɓar wuta yadda ya kamata, don haka in zuba gawayi da gishiri a ramin, in riƙa ba shi ruwa.

Watan Afrilu ne, zafi ya haura digiri 40, shi ya sa na bar haƙar ramin sai dare. Ina durƙushe a gindin katanga ta waje, tocila a baki, ina barbaɗa gishirin miyar uwargida a kan gawayi, ina kuma gunaguni saboda taurin ƙasa, sai ga maƙwabcina Alhaji ya dawo daga sallar isha'i. Ya tsaya cak.

"Malam, lafiya? Mi kaka biznewa cikin daren ga?"

Na zare tocila na ce, "Alhaji, wuta nake nema wa hanya."

Ya ce Allah shi kyauta, ya wuce da saurin da ban san yana da shi ba.

Washegari na fere bakin kebul da reza, na murɗa masa kai, na kunna. Allo ya yi baƙi ƙirin, ga yara sun yi layi suna jiran Arewa24. Dole aka kira yaro mai gyara, wanda ya kwance kan, ya ɗaga shi sama yana dubawa, ya ce, "Baba, wa ya ɗaura wannan?" Na ce wani ne, kuma ya yi tafiya. Ya nuna mini sili ɗaya na saƙar da ya naɗe tagullar tsakiya, ya ce dikoda tana tura wuta bolt 13 ko 18 ta wannan kebul zuwa kan dish, saboda haka da zarar biyun sun haɗu magana ta ƙare. Da farce ya cire shi, ya karɓi kuɗin da ya isa cefane.

Hoto ya dawo, ja ya daina, ni kuma kullum da asuba ina fita da buta in shayar da sanda. Bayan sallar Juma'a Alhaji ya ja ni gefe, ya waiga hagu da dama, ya ce kwana biyu ciniki ya ja baya a shagonsa, kuma shi ya riga ya sayi gishiri buhu guda.