Rigakafi a Kano da Ingila: daga kwalba zuwa bakin yaro

Ɗigo biyu kacal na rigakafin shan inna ake sa wa yaro a baki. Likita ya gama nasa tun maganin yana kwalba. Abin da ke tsakanin kwalbar da bakin yaron, wato zaure da maigida da abin da aka ji a majalisa, fannin masana zamantakewa ne, kuma a ganina nan ake ci ko a faɗi.

Da Kano ta dakatar da rigakafin a 2003, aka ce jahilci ne. Masu faɗin haka sun manta 1996, lokacin annobar sanƙarau, sa'ad da kamfanin magunguna na Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan a Kano da yara wajen 200, 11 suka rasu. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Ga kuma tambayar da babu amsarta a ɗakin gwaji: me ya sa ake biyo mu gida da ɗigo kyauta, amma maganin zazzaɓi sai mun saya?

Gyaran ma daga nan ya zo. A 2004 aka dawo da rigakafin, da maganin da aka yi a Indunusiya. Aka sa ma'aikata mata a ayarin masu rigakafi, don gidan ba-shiga namiji iyakarsa zaure. Mai unguwa ke raka su gidan da aka ƙi, a shafa wa yaro tawada a ƙaramin yatsa, a rubuta a bango da alli. Aka riƙa haɗawa da sabulu da maganin zazzaɓi. A 2020 aka tabbatar ƙwayar cutar shan inna ta asali ta bar Najeriya.

Nan Ingila, duk da boko, rahoton wani likita Andrew Wakefield na 1998 da ya danganta allurar ƙyanda da galahanga ya tsorata iyaye. An janye shi a 2010, amma ƙyanda ta sake ɓarkewa a Birmingham a 2023. Ba su da mai unguwa. Wasiƙa ce da saƙon waya, wanda ya ƙi buɗewa shi ke nan.

Inda suka fi mu shi ne rubutu. Ma'aikaciyar lafiya kan zo gida kwana 10 zuwa 14 bayan haihuwa, kowane yaro da jan littafinsa na lafiya, allurar mako 8 da 12 da 16 duk tana cikin kwamfutar asibiti. Mu kuwa katin na mako 6 da 10 da 14 in ya jiƙe ko ya ɓata, sai a koma tambayar uwa ko ta tuna.