Minti 13 a Takarda

Tun da na fara aiki a shagon facin Kawu a Jidda, wanda 'yan gari ke ce wa banshar, nake jin takaicin kwamfuresarmu. Iska har iska, amma kullum sai ɗura wa tayoyin mutane. Na ce wallahi sai ta ɗauke ni nima.

Na samo mataccen injin yankan ciyawa mai cc 50 a kasuwar gwanjo ta Sawarik, na cire fulogi, na jona tiyo da bawul a gurbinsa. Na ɗaure shi a keke mai ƙafa uku, tankin lita 50 a baya.

Sai lissafi, a bayan kwali. Lita 50 a kan matsin iska na bar 8, iska lita 400 ke nan. Inji na juyi 600 a minti, kowane juyi cc 50, wato lita 30 a minti. Na raba, na samu minti 13 har da ɗoriya. Zuwa bakala, wato kantin unguwa, da dawowa, har da canji.

Kawu ya dubi kwalin, ya dube ni. "Yaro, iska fa na wahalar da mai kayan kara." Nan bakina ya ja mini: na ce in ta gaza, shinkafar bukhari ta duk shagon a wuyana. Jin haka ya tattare jallabiya ya haye bayan keken, wai shi ne shaida.

Bayan la'asar na buɗe bawul. Fat-fat-fat! Muka zabura, yara suka biyo mu da ihu. Tiyon ya fara zufa, bawul ya yi sanyi kamar ƙanƙara a tsakiyar zafin Jidda, har na fara tunanin ƙara kuɗin AC. Sai injin ya yi tari biyu, ya saki dogon numfashi, ya yi shiru. Minti ɗaya da daƙiƙa 20. Da na waiga, ina iya karanta allon shagonmu.

Ɗan autan Kawu, ɗan sakandare, ya iso da kwalina a hannu.

"Yaya, ai a bar 4 ka saita iskar da ke shiga silinda. A matse take. Wannan cc 50 ɗin, in ta saki jiki, 250 ce, wato lita 150 a minti. Kuma da tanki ya sauko bar 4 ƙarfi ya ƙare, don haka lita 200 kacal ka mora."

Bai bar ni haka ba. Wai duk ƙarfin da ke cikin tankin bai kai na rabin cokalin shayi na fetur ba.

Na ce Kawu ya sauko. Ya gyara zama.

"Bakala ka ce, yaro. Tura. Kuma kaza cikakkiya nake so a kan shinkafata, ba rabi ba."