Malamin da ke duba jarrabawar ɗanka bai kamata ya karɓi kuɗin lesin a hannunka ba

Jama'a, akwai maganar da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, yau dai sai na amayar da ita.

Ƴata tana aji 5 na firamare. Wata rana ta dawo da littafin lissafi, an fara musu rabawa, an yi misali biyu an tsaya. Na ce ina sauran? Ta ce, "Baba, malam ya ce sauran sai a lesin." Lesin ɗin nan a cikin ajin nasu ake yi bayan an tashi, malamin shi ne, allon ma shi ne. Da an buga ƙararrawa, waɗanda iyayensu suka biya su gyara zama, sauran su rataya jaka su fita. Cikin masu fita har da ƙawarta, marainiya ce, kakarta ke riƙon ta da sana'ar ƙosai. Ƴata ta ce wani lokaci yarinyar takan tsaya ta taga tana leƙen allo. Da jarrabawa ta zo, yawancin tambayoyin daga abin da aka yi a lesin suka fito. Na biya, ba zan ɓoye ba, amma har yau yarinyar tagar nan tana raina.

Ƙasar Biyetnam ta sha fama da irin wannan shekaru da dama. Ranar 14 ga Fabrairu 2025 sabuwar ƙa'idar ma'aikatar iliminsu, mai lamba 29, ta fara aiki. Ba ta kashe lesin gaba ɗaya ba. Cewa ta yi malami ba zai karɓi kuɗi ya yi wa ɗalibin da yake koyarwa a aji lesin ba. Ƴan firamare kuwa babu lesin a kansu sai na wasanni, zane da waƙa, da dabarun rayuwa. Idan makaranta za ta ƙara darasi, kyauta za ta yi, kuma ga yara iri uku: wanda aka bari a baya, mai hazaƙar da ake shiryawa gasa, da ɗan ajin ƙarshe mai fuskantar jarrabawa. Malamin gwamnati yana iya koyarwa a wata cibiya a waje, amma sai shugaban makarantarsa ya sani.

Sharaɗin farko, na hana malami karɓar kuɗin lesin a kan ɗan ajinsa, shi ne ya kama ni, domin nan ciwon yake. Wanda ke rubuta tambayoyi, shi ke duba takarda, shi ke ba da maki, sannan shi ke sayar da ƙarin bayani. Ko waliyyi ne ka ɗora masa jarrabawa mai nauyi. Uba kuma ba shi da bakin cewa a'a, yana tsoron a sa wa ɗansa ido.

Haramta lesin ɗungurungum kuwa an gwada. Koriya ta Kudu ta yi haka a 1980, masu hali suka ci gaba a ɓoye, har kotun tsarin mulki ta soke haramcin a 2000. Ƙasar Sin ta hana kamfanoni cin riba da lesin manyan darussa a Yulin 2021, kamfanin New Oriental kaɗai ya sallami ma'aikata 60,000, lesin ya koma cikin gidaje da tsada. Talaka ne ya rasa.

Na san malamai za su ce ban san halin da suke ciki ba. Wallahi na sani, ƙanina malami ne. An sa hannu kan mafi ƙarancin albashi na Naira 70,000 a Yulin 2024, amma sai da malaman firamare na Abuja suka shafe watanni suna yajin aiki a 2025 a kansa. A makarantun kuɗi da yawa albashin ma bai kai haka ba, kuma sau da yawa mai makaranta ne ke ƙirƙiro lesin, ya karɓi kuɗin, ya gutsura wa malam ɗan abin da ya ga dama. Biyetnam ma ta gane ba a hana mutum wata hanya a bar shi da yunwa: a Yunin 2025 majalisarsu ta zartar da dokar malamai da ta sa albashinsu a sahun gaba cikin ma'aikatan gwamnati. Malami ya yi lesin ɗinsa, halal ɗinsa ne, ya koyar da yaran wata makaranta ko masu shirin WAEC da JAMB. Ɗan ajinsa ne kawai nake cewa a'a.

Taron iyaye da malamai na gaba zan miƙe in nemi abu biyu: a kammala manhaja kafin a tashi, kuma duk yaron da aka bari a baya a zaunar da shi ba tare da an tambayi kakarsa ko sisi ba. In za a yi karo-karo don a ƙara wa malaman wani abu a fili, ni ne na farkon sa hannu a aljihu.