Hantar ɓera ba hantar mutum ba ce

A shekarata ta ƙarshe a jami'a na kashe fararen ɓeraye fiye da ashirin da hannuna. Aikin bincikena shi ne in gano ko ruwan wani ganye da ake sha don zazzaɓi yana yi wa hanta lahani. Kullum da safe in damƙi ɓera ta ƙeya, in zura masa bututu a maƙogwaro in ɗura masa, har kwana 28. Ranar ƙarshe muka shaƙa musu sinadari suka sume, muka fede su, muka ciro hanta da ƙoda. Na samu maki mai kyau. Amma tambayar da ta hana ni sukuni tun daga ranar ita ce: abin da na gani a hantar ɓera, me ya gaya mini game da hantar tsohuwar da ke shan ganyen nan a ƙauyenmu?

Mai mage a gida ya san ba a ba ta farasitamol, domin ƙwaya ɗaya na iya kashe ta, alhali mu muna sha kamar gyaɗa. Hantarta ba ta da isasshen abin da ke narkar da maganin. To haka lamarin yake tsakanin kowace dabba da 'yar'uwarta. Gubar nan aflatoksin da ke fitowa a gyaɗa da masara idan suka yi funfuna, wadda ke jawo wa mutane kansar hanta, nau'in ɓerayen ɗakin gwaji masu girman jiki na saurin kamuwa da ita, nau'in masu ƙaramin jiki kuwa idan sun balaga ba ta cika yi musu komai ba. Ɓera da ɓera ma sun saɓa, ina ga ɓera da ɗan Adam.

An biya farashin wannan saɓani da rayuka. A 1993 aka gwada wani maganin ciwon hanta mai suna fiyaluridin a Amurka. Ya wuce gwajin ɓeraye da karnuka da birai lafiya lau. Cikin mutum 15 da aka ba, 5 suka mutu saboda hantarsu ta daina aiki, 2 kuma sai da aka yi musu dashen hanta. A 2006 a Landan aka yi wa samari 6 masu ƙoshin lafiya allurar wani sabon magani, TGN1412, aka ba su abin da bai fi kashi ɗaya cikin 500 na wanda birai suka ɗauka ba tare da matsala ba. Cikin sa'o'i kaɗan garkuwar jikinsu ta haukace, dukansu suka ƙare a sashen masu rai hannun Allah. Sun rayu, amma da ƙyar.

Hanyoyin da muke ta maimaitawa kuma tsofaffi ne ƙwarai. Gwajin neman adadin gubar da zai kashe rabin dabbobin da aka ba, tun 1927 aka ƙirƙiro shi. Wanda ake ɗiga sinadari a idon zomo a zuba ido a ga yadda zai kumbura, na 1944 ne. Gwajin kansa a ɓeraye yana cin shekara biyu da ɗaruruwan dabbobi a kan sinadari ɗaya tak, ga dubban sinadarai a kasuwa suna jiran layi. Yaushe za a gama?

Abin da ya sa na tsaya a bayan gwaji da ƙwayoyin halittar mutum ke nan. A 2007 Shinya Yamanaka na Japan ya nuna cewa za a iya ɗaukar ƙwayar fatar babban mutum a mayar da ita kamar ta farkon halitta, daga nan a juya ta ta zama ta hanta, ko ta zuciya, ko ta ƙwaƙwalwa. Ya samu kyautar Nobel a 2012. Yau ana shuka ƙwayoyin zuciya a ɗan faranti suna bugawa da kansu, a zuba musu magani a ga ko bugun zai rikice. A 2010 masu bincike a jami'ar Harvard ta Amurka suka ƙera huhu a kan wani ɗan allon roba da bai wuce babban yatsa ba, da ƙwayoyin huhun mutum a gefe ɗaya, na jijiyar jini a ɗaya gefen, yana buɗewa yana rufewa kamar numfashi. An yi irinsa na hanta, kuma a wani gwaji da aka wallafa a 2022 ya gano kashi 87 cikin 100 na magungunan da aka zuba masa waɗanda aka san sun lalata hantar mutane bayan sun tsallake gwajin dabbobi. Shirin Tox21 na gwamnatin Amurka kuwa na'urori ne ke gwada sinadarai kusan 10,000 a kan ƙwayoyin halitta.

Hukumomi ma sun fara sakkowa. Tarayyar Turai ta haramta sayar da kayan kwalliyar da aka gwada a kan dabbobi tun 2013, yanzu fatar mutum da aka shuka a ɗakin gwaji ake shafa wa man. A Disamban 2022 Amurka ta cire sharaɗin da ya tilasta gwada kowane sabon magani a kan dabba kafin a ba mutum.

Ba na cikin masu cewa a buɗe kejin gobe a sallami kowa. Faranti ba ya ɗaukar ciki, ba ya shayarwa, ba ya tsufa. Abin da hanta ta narkar ya koma ya cutar da ƙoda, ko abin da zai taɓa ɗan tayi, har yanzu ƙwayoyin faranti ba su gama iya faɗarsa ba. Ko maganin Landan ɗin nan an gwada shi a jinin mutum tun farko bai nuna komai ba, sai bayan abin ya faru aka gano yadda ya kamata a tsara gwajin, sannan ya nuna. Abin da nake cewa shi ne duk inda aka tabbatar ƙwayar mutum tana ba da amsa daidai, kashe dabba a wurin ya zama zalunci da ɓarna. Mu da aka karantar da mu cewa wata mata ta shiga wuta saboda mage da ta tsare, bai kamata sai Turawa sun tuna mana haƙƙin dabba ba.

Akwai kuma wani abu da ya fi damuna. Ƙwayoyin wa ake shukawa? Mafi yawan waɗanda ke ajiye a manyan ɗakunan gwaji na duniya daga jikin Turawa aka samo su. Alhali jikinmu yana da nasa hali. Ƙarancin sinadarin G6PD a jini ya yawaita a Afirka ta Yamma, kuma mai shi idan ya sha wasu magunguna, irin firimakwin na zazzaɓin cizon sauro, jajayen ƙwayoyin jininsa fashewa suke yi. Ga masu sikila da Najeriya ta fi kowace ƙasa yawansu. Idan aka bar ɓera aka koma ƙwayar Bature kaɗai, mu dai har yanzu da ma'aunin wani ake auna mu. Kuma a nemi izini kafin a ɗauki na kowa. Henrietta Lacks, baƙar fata ce Ba'amurkiya, a 1951 aka ɗebi ƙwayoyin kansarta ba da saninta ba, ana amfani da su har yau, iyalinta ba su ma sani ba sai bayan shekara ashirin da wani abu.

Na san uzurin da za a kawo: wuta. Ƙwayoyin halitta suna son zafin jikin mutum dare da rana, idan aka daɗe ba lantarki sun mutu, ɓera kuwa dusa da ruwa sun ishe shi. Gaskiya ne. Amma jami'o'in da ke sa ɗalibai sayen ɓeraye duk shekara don maimaita gwaji iri ɗaya za su iya haɗa kai, ko da ɗakin shuka ƙwayoyi ɗaya ne mai sola a kowace shiyya. Man bilicin da matanmu ke shafawa, fiya-fiyan da ake fesa wa wake a buhu, haɗe-haɗen gargajiya da ake tallarsu da lasifika a tasha, waɗannan ba wanda zai gwada mana su a Harvard. Ganyen da na ɗura wa ɓerayena ma har yanzu ana shan sa a ƙauyenmu, kuma ina so in ga ranar da wani ɗalibi zai zuba shi a kan ƙwayoyin hantar Bahaushe.